John Tyndall, Mutumin Da Ya Auna Bargon Duniya

A wannan wata labarinmu na wani mutumin ƙasar Ailan ne, sunansa John Tyndall, amma mu a nan sai mu ce da shi Tindal don sauƙin faɗi. Shi ba mai wa'azi ba ne, bai kuwa taɓa taka ƙasar Hausa ba. Duk da haka shi ne ya fara nuna wa duniya, da awo, dalilin wani abu wanda kowane yaro a ƙasar Gumel ya sani a jikinsa.

Ku tuna da daren hunturu, cikin watan Disamba ko Janairu. Da rana mutum ya kan yi gumi a kasuwa, amma kafin asuba sai ga fatake a Maigatari sun kewaye wuta, sun ƙudundune cikin barguna suna rawar ɗari. Ku tuna kuma da daren ƙarshen bazara, sa'ad da iskar kudu ta fara shigowa amma ruwa bai sauka ba tukuna. Rana ta faɗi tun tuni, zafi kuwa ya ƙi tafiya. An fid da tabarmi tsakar gida, har dare ya raba ana ta fifita. To, ina zafin rana ya ke zuwa a daren farko, me kuma ya ke tsare shi a dare na biyu? Amsar tana cikin labarin mutumin nan.

An haifi Tindal wajen shekarar 1820 a wani ƙaramin gari a bakin kogi mai suna Leighlinbridge, a gundumar Carlow. Gidansu ba na masu dukiya ba ne. Ubansa ya yi sana'ar ɗinkin takalma, daga baya ya shiga aikin ɗan sanda. Mutanen gidan suna riƙe da cewa su dangin William Tyndale ne, wanda ya juya Sabon Alkawari cikin Turanci, aka kashe shi saboda wannan aiki a 1536. Uban mutum ne mai zafin addini da son muhawara, tun yaron yana ƙarami ya koya masa Littafi Mai Tsarki da yadda a ke kare magana da hujja. A ƙasar Ailan ta zamanin nan akwai gaba mai tsanani tsakanin 'yan Katolika da sauran masu bi. Amma da lokacin karatu ya yi, uban ya duba ya ga malamin da ya fi kowa iya koyarwa a wajen ɗan Katolika ne, sunansa John Conwill, sai ya kai ɗansa wurinsa, bai kula da abin da maƙwabta za su ce ba. A hannun malamin nan yaron ya koyi lissafi da awon fili, ya kuwa iya su ƙwarai.

A 1839 ya sami aikin safiyo na gwamnati, yana jan sarƙar awo yana zana taswira. A 1842 aka mai da shi Ingila. Can ya ga ana ƙwarar ma'aikata mutanen Ailan wajen albashi da wajen riƙo, shi kuwa ba mai iya haɗiye magana ba ne. Ya sa hannu cikin kai kuka ga manya, sai aka kore shi a 1843. Ya zauna ba aiki har wani lokaci, sa'an nan ya shiga awon hanyoyin jirgin ƙasa, gama a shekarun nan Ingila duka ta haukace da shimfiɗa reluwe. Aiki ne mai wuya, wani lokaci a kwana ana zane don a kai takardu kafin ranar da hukuma ta yanke. A cikin shekarun nan ne kuma babbar yunwa ta faɗa wa ƙasarsu, dankali ya ruɓe a gona shekara bisa shekara tun daga 1845, mutum wajen miliyan ɗaya suka mutu.

A 1847 ya bar reluwe ya zama malamin lissafi a wata makaranta mai suna Queenwood. Nan ya yi aboki, wani saurayi mai suna Edward Frankland, mai koyar da ilmin haɗa magunguna da sinadarai. Su kan tashi da asuba, wannan ya koya wa wancan abin da ya sani. Da suka ga ilminsu bai ishe su ba, sai suka kwashi ɗan abin da suka tara suka tafi Jamus a 1848, zuwa jami'ar Marburg, wurin wani shahararren malami mai suna Bunsen. Tindal ya riga ya zama magidanci a shekaru, ga shi zaune cikin samari, ga harshe baƙo. Ya kan tashi ƙarfe biyar na asuba cikin sanyin ƙasar nan ya kama karatu. Cikin shekara biyu ya gama abin da a kan yi cikin uku, ya sami digirin dakta a 1850. Domin masu karatu su gane zamanin, a shekarar da ya koma Ingila, watau 1851, a cikinta ne Bajamushen nan matafiyi, Barth, wanda aka sani a ƙasarmu da suna Abdulkarim, ya ratsa Gumel kan hanyarsa daga Kano zuwa Kukawa, ya tarar da babbar kasuwar kanwa.

Ƙofa ta buɗe masa a 1853. Aka gayyace shi ya yi lacca a wani babban gidan bincike a Landan mai suna Royal Institution. Ya yi magana sarai, ba takarda a hannu, masu sauraro suka yi mamaki, kafin shekara ta ƙare aka ba shi kujerar farfesa a gidan. Shugaban bincike a wurin shi ne Michael Faraday, ɗan maƙeri, wanda bincikensa ne tushen injin da ke ba mu wutar lantarki. Su biyu suka yi zaman amana kamar uba da ɗa har Faraday ya rasu a 1867, Tindal ya gaji matsayinsa.

Abin da ya kai shi ga binciken iska, duwatsu ne. Tun daga 1856 kusan kowace shekara ya kan tafi manyan duwatsun Alps a ƙasar Suwizalan. A can akwai kogunan ƙanƙara, watau ƙanƙara mai kauri ƙwarai wadda ta cika kwari tana gangarowa a hankali, abin da bai wuce taki ɗaya ko biyu a yini ba. Ya je don ya auna tafiyarsu, sai son hawan dutse ya kama shi. A 1861 shi da ja-gora biyu suka zama na fari da suka kai ƙwanƙolin wani dutse mai suna Weisshorn, mai tsayin mita 4,500 da 'yan kai. Masana na lokacin sun riga sun gane, ta wurin alamun da ke jikin duwatsu, cewa a zamanin dā ƙanƙara ta taɓa rufe yawancin arewacin Turai, daga baya ta janye. Me ya sanyaya duniya haka, me kuma ya sāke ɗumama ta? Wani Bafaranshe mai suna Fourier ya riga ya yi lissafi a 1824, ya ga duniya ta fi ɗumi bisa ga abin da ya kamata in an dubi nisanta da rana, ya zaci iska ce ke riƙe zafin. Amma zato ne. Ba wanda ya san wace iska ce, ko yaya ta ke yi.

A nan sai mu dakata mu dubi iskar kanta. Muna ce da ita iska kamar abu ɗaya ce, alhali gauraye ce. A ce ka ɗebi ƙwayar gero 10,000 ka zuba a faifai, su zama misalin busasshiyar iska. Cikinsu 7,808 wata iska ce mai suna naitirojin, ba ta ci da wuta, ba ta kuwa riƙe rai. 2,095 oksijin ne, shi ne wanda huhunmu ke nema, shi ne kuma ke sa wuta ta ci. 93 wata iska ce mai suna agon, wadda Tindal bai ma san da ita ba, gama sai shekara guda bayan mutuwarsa aka gano ta, a 1894. In ka haɗa waɗannan uku, abin da ya rage a faifai ƙwaya huɗu ne kawai. Ƙwaya huɗun nan kusan dukansu kabon dayoksaid ne, mu ce iskar kabon, wadda mu ke fitarwa in mun yi numfashi, wadda ke fita daga kowace wuta, wadda itatuwa da gero da dawa ke sha su yi girma. A zamanin Tindal ƙwaya uku ce ba ta cika ba. Banda waɗannan akwai tururin ruwa, wanda ba ya zama daidai. A iskar damina ya kan kai kashi uku cikin ɗari, a iskar hunturu kuwa ya ragu ƙwarai, shi ya sa leɓe da diddige ke tsagewa.

Sai kuma maganar zafi. Zafin rana yana zuwa tare da haske, yana ratsa iska ya sauka bisa ƙasa. Ƙasa in ta sha shi ba ta riƙe shi har abada, sai ta mayar da shi sama, amma wannan karo ba haske tare da shi. Kowa ya taɓa wucewa kusa da katangar soro bayan magariba ya ji tana huci, ko ya miƙa hannu wajen duwatsun murhu bayan wuta ta mutu. Ido bai ga kome ba, fata kuwa ta ji. Tindal ya kan kira wannan zafi mai duhu. Tambayarsa ita ce, iska tana barin zafin nan mai duhu ya fita kamar yadda ta bar na rana ya shigo? Masana da yawa suna tsammani iska ba ta tare kome, gama waɗanda suka gwada kafinsa ba su ga alama ba.

Cikin watan Mayu na 1859 ya shiga ɗakin bincike a ƙarƙashin ginin, ya haɗa kayan gwaji. Ya sami bututun ƙarfe mai tsawon wajen ƙafa huɗu. Bai toshe bakinsa da gilashi ba, domin gilashi da kansa yana tare zafi mai duhu. Sai ya nemi gishirin dutse mai garai-garai, wanda ido ke ratsawa, ya yanka ya toshe baki biyu da shi. A gefe ɗaya ya ajiye tukunyar ƙarfe cike da tafasasshen ruwa, ita ce ke ba da zafin. A ɗaya gefen ya sa wata 'yar na'ura mai juya zafi ya zama lantarki, lantarkin kuma ya motsa allura bisa ma'auni. Dabararsa ita ce ya ajiye tukunya ta biyu a bayan na'urar, ya daidaita zafin biyu kamar sikeli, har allura ta tsaya cik. Sa'an nan ya zuƙe iskar cikin bututun da famfo, ya shigar da wadda ya ke so ya gwada. In ta tare zafi ko kaɗan, sikeli zai rinjaya, allura ta karkata.

Ya sa oksijin, allura ba ta yi wani motsin kirki ba. Ya sa naitirojin, haka. Kwana da kwanaki ba abin da ya samu. Ran 18 ga Mayu ya jawo gas ɗin kwal, irin wanda a ke kunna fitilun Landan da shi a lokacin, ya cika bututun. Ido ba ya ganin gas ɗin nan, bututun kamar ba kome a ciki. Sai allura ta karkata ƙwarai. Ya gwada iskar kabon, ita ma ta tare. Ya gwada tururin ruwa, haka nan. Ran 10 ga Yuni ya nuna abin a gaban taro, mijin Sarauniya Biktoriya, Yarima Albat, shi ne a kujerar shugaba.

Wani da ya tsaya nan, ya ci yabo ya wuce. Abin da ya fi ba ni sha'awa cikin halin mutumin nan shi ne bai amince da nasarar kansa ba. Ya lura allurar tana 'yar karkata ko ba a sa kome ba. Ya bi sawu, ya bi sawu, har ya gane laifin yana cikin koren zaren siliki da aka naɗe wayar na'urar da shi, ashe rinin yana da ɓurɓushin baƙin ƙarfe wanda ke jan allura. Ya warware shi duka, aka sāke naɗi da farin zare, da hannu mai tsabta. A kakar 1860 ya yi mako bakwai yana gwaji awa takwas zuwa goma kowace rana, da ya ga akwai sauran shakka sai ya sāke kayan, ya koma farko. Har turare iri iri ya gwada, ya ga ɗan ƙanshin da ke tashi daga ɗigo guda ya fi iskar bututun duka tare zafi. Sai a 1861 ya kai cikakken bayani gaban babbar ƙungiyar masana ta Ingila.

Gardama kuwa ba ta rasa ba. Wani babban masani na Balin mai suna Magnus, wanda Tindal ya taɓa aiki a ɗakin bincikensa, ya ce ba tururi ne ya tare zafin ba, laima ce ta kwanta a jikin gishirin. Tindal ya cire gishirin ya yi gwajin da bututu buɗe, amsa ba ta sāke ba. Waɗansu suka ce ai hayaƙin Landan ne. Sai ya sa aka ɗebo masa iska daga filayen bayan gari, har daga wani tsibiri a bakin teku, amsa tana nan yadda ta ke. Magnus bai sallama ba har ya mutu a 1870, amma awon waɗanda suka zo daga baya ya ba Tindal gaskiya.

Ga abin da ya tabbata. Naitirojin da oksijin, su da su ke kashi 99 cikin ɗari na iska, ba ruwansu da zafin da ke fita daga ƙasa, hanya kawai su ke ba shi. 'Yan ƙananan nan da ba a kula da su, tururin ruwa da iskar kabon da wata mai suna metan, su ne masu tsaron ƙofa. Su kan kama zafin, su sāke watsa shi ta kowace fuska, wani ya wuce sama, wani ya komo ƙasa. Tindal ya kamanta tururin ruwa da bargo, ya nuna cewa shuke-shuken Ingila sun fi bukatarsa bisa ga yadda mutum ke bukatar tufa, da za a ɗauke shi dare ɗaya tak, da gari zai waye sanyi ya kashe amfanin gona. Ya kuma kawo misalin Sahara, inda rairayi ke ƙuna da rana, da dare kuwa sanyi ya yi tsanani saboda bushewar iska. Ga amsar darenmu biyu. Da hunturu iskar arewa ta zo mana daga hamada a bushe, bargon ya zama yadi marar kauri, zafin yini ya tsere sama, ga shi kuma rana ta karkata kudu ƙarfinta ya ragu. A ƙarshen bazara iskar teku ta kawo laima, bargon ya yi kauri, zafi ya rasa hanyar fita. Masana sun lissafta cewa ba domin bargon nan ba, da matsakaicin zafin duniya zai zama digiri 18 ƙasa da inda ruwa ke daskarewa, maimakon wajen digiri 15 bisansa. Turawa suna kiran iskokin nan da sunan ɗakin gilashi da su ke renon shuke-shuke a ciki lokacin sanyi, amma a ganina misalin bargo ya fi dacewa da mu.

Wajibi ne a ba wata mace hakkinta a nan. Shekara uku kafin gwajin Tindal, a 1856, wata matar aure a jihar New York ta Amurka, sunanta Eunice Foote, mu ce Afiniki, ta cika tulunan gilashi da iska iri dabam dabam, ta sa ma'aunin zafi a ciki, ta ajiye su a rana. Ta ga mai iskar kabon ya fi zafi, ya kuma fi daɗewa bai huce ba, ta rubuta cewa in iskar nan ta yi yawa a sararin sama duniya za ta ƙara ɗumi. Wani namiji ne ya karanta takardarta a taron masana, aka buga ta, aka manta da ita har 2011. Kayan gwajinta ba su iya rarrabe zafin rana da zafi mai duhu ba, wannan aikin Tindal ne. Amma ita ce ta fara faɗin maganar.

Tindal ya rubuta cewa in yawan iskokin nan ya sāke, yanayin duniya zai sāke, mai yiwuwa ne kuma abin da ya kawo zamanin ƙanƙara ya kuma kai shi ke nan. Hankalinsa yana kan zamanin dā. Bai yi zancen kwal ɗin da jiragen ƙasa ke ci a kan hanyoyin da shi da kansa ya auna ba. Wani mutumin Suwidin mai suna Arrhenius ne ya yi lissafi a 1896, ya ce in iskar kabon ta ninka biyu duniya za ta ƙara zafi da digiri 5 ko 6. Masana na yanzu sun rage lissafin zuwa wajen digiri 3. A 1958 aka fara auna iskar kullum a bisa dutsen Mauna Loa a tsibirin Hawai, aka sami kashi 315 cikin miliyan. Kafin zamanin injuna 280 ne. A 2023 ya wuce 420. Kwal da man fetur da gas da a ke ƙonewa, da dazuzzukan da a ke sarewa, su ne suka ƙara shi. Metan kuma, wanda ke fita daga tumbin shanu da fadamun shinkafa da rijiyoyin mai, ya ninka fiye da biyu da rabi.

Wani zai ce, ƙwaya uku ta zama huɗu cikin dubu goma, har abin damuwa ne? Hausawa sun ce ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido. Mai dafa wake ta san abin da 'yar kanwa ke yi wa tukunya guda. Ga kuma yadda abin ke haɓaka. Tururin ruwa ya fi iskar kabon tare zafi, amma ba ya daɗewa a sama, cikin kwana tara ko goma ya zama ruwa ya sauko. Iskar kabon kuwa wani kashi nata ya kan zauna shekaru ɗaruruwa. In ta ɗan ɗumama duniya, iska mai ɗumi ta kan ɗauki ƙarin tururi, wajen kashi 7 cikin ɗari ga kowane digiri, tururin kuma ya ƙara ɗumin. Duniya ta riga ta ƙara fiye da digiri ɗaya tun zamanin Tindal, shekarar 2024 kuwa ta fi dukan shekarun da aka auna kafinta zafi.

Kada mu ɗora wa iskar kabon kowane fari. Ƙasarmu ta bakin hamada ce, kakanninmu sun sha yunwar Kakalaba a 1914, iyayenmu sun ga farin 1973 da na 1984. Amma ƙaruwar zafi ba ta da shakka. Ran 3 ga Afrilu 2024 ma'auni ya kai digiri 48.5 a garin Kayes na ƙasar Mali. Wani bincike da aka buga a 2017 ya nuna manyan hadura masu zubar da ruwa kamar da bakin ƙwarya sun ninka uku a yankin Sahel tun daga 1982. Manomin gero da riɗi a Gagarawa ko Sule Tankarkar yana tsakanin abu biyu ke nan, zafin da ke ƙone tsiro da ruwan da ke zuwa gaba ɗaya ya kwashe shuka. Afirka duka kuwa abin da ta ke fitarwa na iskar kabon daga mai da kwal bai wuce kashi 4 cikin ɗari na duniya ba.

Mu koma ga mai labarin. Sauran ayyukansa suna da yawa. Ya bincika abin da ke sa sararin sama ya yi shuɗi. Ya nuna cewa ƙurar da ke yawo cikin iska tana ɗauke da ƙwayoyin da ke ruɓar da abinci, ya gano hanyar kashe su ta wurin tafasawa sau da sau. Ya ƙera abin rufe hanci domin masu kashe gobara. A 1872 ya tafi Amurka ya yi laccoci, ribar da ya samu duka ya bar ta can domin taimakon ɗalibai.

Akwai wani gefen rayuwarsa wanda bai kamata a ɓoye wa masu karatun wannan jarida ba. Yaron nan da ya tashi da Littafi Mai Tsarki a hannu, da ya girma ya rabu da koyarwar ekklesiya. Bai yarda a ce da shi marar Allah ba, ya kan ce akwai asiri a bayan halitta wanda hankali ba ya kaiwa. Amma ya tsaya a kan cewa addu'a ba ta juya ruwan sama ko cuta, iyakarta ta ƙarfafa zuciyar mai yin ta. A 1872 ya goyi bayan shawarar wani likita, cewa a keɓe ɗaki ɗaya a asibiti a yi ta yi wa majinyatansa addu'a shekara uku ko biyar, sa'an nan a ƙirga matattu a gwada da sauran ɗakuna. A 1874 kuma a birnin Belfast ya yi jawabi inda ya ce bayanin yadda duniya ta kasance aikin masu bincike ne, masu tauhidi su janye hannu. Masu wa'azi suka yi masa ca, daga mumbari zuwa mumbari.

Mu da mu kan taru mu yi roƙon ruwa sa'ad da damina ta yi jinkiri ba za mu bi shi a nan ba. Addu'a magana ce tsakanin ɗa da Ubansa, ba iska ba ce da za a ɗura cikin bututu a zuba wa allura ido. Mutumin da ya san gilashi bai dace da awon zafi mai duhu ba, ya kamata ya san sikelinsa bai dace da wannan ba. Amma da yawa cikin waɗanda suka amsa masa zagi suka yi maimakon hujja, kuskurensa kan addu'a kuwa bai karkatar da allurarsa ba ko kaɗan. Abin lura kuma, Faraday da ya ƙaunace shi dattijo ne a wata ƙaramar ekklesiya, mai tsoron Allah ƙwarai. Tindal ya ci abinci a gidansa, ya ji addu'arsa, ya kuma shaida da alƙalaminsa cewa ƙarfin da tsohon nan ke aiki da shi dukan mako daga sujadarsa ta Lahadi ya ke samo shi.

Bai yi aure ba sai a 1876, yana da shekara hamsin da biyar. Matarsa Luwisa Hamilton 'yar gidan sarauta ce, shekararta talatin. Ba su sami haihuwa ba, amma sun yi zaman ƙauna. Ita ce mai rubuta masa takardu, ita ce abokiyar hawan dutse. Suka gina ɗan gida a Belalp cikin duwatsun Alps, inda su kan yi watannin zafi. Ya bar aiki a 1887, Lod Rayleigh ya gaji kujerarsa ta farfesa, shi ne kuwa ɗaya cikin mutum biyu da suka gano agon. Tindal ya daɗe yana fama da rashin barci, ya kan sha wani magani mai ƙarfi mai suna kuloral da dare, da safe kuma ya sha maganin ciki. Luwisa ce ke ba shi, ta yi shekaru tana jinyarsa ba gajiya. Ran 4 ga Disamba 1893 da safe, a gidansu na Hindhead, kwalabe biyu suna ajiye wuri ɗaya. Ta zuba masa daga ta kuloral gwargwadon yadda ta saba zuba maganin ciki. Ya sha ya ji ɗanɗanon dabam ne, ta duba kwalba ta gane abin da ya faru. Aka kira likitoci, suka yi iyakar ƙoƙarinsu, kafin dare ya cika. Masu bincike na hukuma suka yanke cewa tsautsayi ne, ba wanda ya ga laifinta. Aka binne shi a Haslemere.

Luwisa ta yi shekara 47 tana zaman gwauruwa. Ta tattara wasiƙunsa da littattafan da ya ke rubuta aikin kowace rana, da niyyar ta rubuta tarihinsa da kanta, ba ta kuwa iya gamawa ba har ta rasu a 1940 tana da shekara 95. Sai a 1945 waɗansu suka fitar da littafin. A 1911 ta sa aka kafa dogon dutse na tunawa da shi a kan tudu bisa Belalp, yana duban Aletsch, kogin ƙanƙara mafi girma a duwatsun Alps, wanda su biyu suka saba kallo daga ƙofar gidansu. Daga 1870 zuwa yau bakin ƙanƙarar nan ya ja da baya fiye da kilomita uku.